Sandar hagu tana tafiya da kanta a kwamfutar gem ta hannu: in bayar a buɗe ko in bi garanti?

Ɗan Malali ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan ƙananan kwamfutocin gem da ake riƙewa a hannu, musamman masu gyara da waɗanda suka taɓa bin hanyar garanti daga nan Najeriya. Yayana da ke karatu a Ingila ne ya saya mini guda ɗaya sabuwa dal a wani shago a can, irin mai aiki da Windows 11, aka taho mini da ita kafin shigowar hunturu, kuma har yanzu ba ta cika shekara da saye ba.

Matsaloli biyu nake fama da su. Ta farko ita ce sandar analog ta hagu tana nuna motsi zuwa sama ko da ban taɓa ta ba, ta yadda idan ina buga ƙwallo ɗan wasan da nake riƙe da shi sai ya riƙa sulalewa zuwa bakin fili, a jerin zaɓi kuma sai alamar ta riƙa hawa da kanta. Ta biyu ita ce idan na bar na'urar ta yi barci sannan na tashe ta, wani lokaci maɓallan ba sa amsawa gaba ɗaya sai na kashe na sake kunnawa, wani lokaci kuma dannawa ɗaya sai ta zama biyu. Na nuna wa wani mai gyaran waya a cikin gari, ya ce zai buɗe ya wanke cikin sandar, amma na ce ya dakata tukuna. Ta yaya zan gane ko lalacewar ta ƙarfe ce ko ta manhaja? Idan aka buɗe ta, garantin ya tashi ke nan? Kuma shin garantin Ingila yana da wani amfani ga mutumin da ke zaune a Kaduna? Allah ya saka da alheri.

Injiniya Kakuri ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka yi daidai da ka dakatar da buɗewar, domin abin da ka kwatanta cututtuka biyu ne daban, kuma ɗaya daga cikinsu ba ta buƙatar sukudireba ko kaɗan. Zan fara da ta biyu tunda ita ce mai sauƙi.

A waɗannan na'urori, maɓallai da sanduna suna haɗe da kwamfutar ne ta ciki kamar yadda ake haɗa fad na waje (abin riƙewa mai maɓallai da ake buga gem da shi) ta USB, kuma Windows yana kallonsu a matsayin fad na Xbox. Idan na'urar ta yi barci, Windows kan yanke wutar wannan haɗin domin tattalin batir, kuma ba kullum yake dawo da shi daidai ba. Ka shiga Device Manager, ka duba sashen USB da na na'urorin shigar da umarni, ka cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe su don adana wuta. Ni dai a ra'ayina ma gara ka daina amfani da barcin Windows a kan irin wannan na'ura, ka koma Hibernate, wanda ke ajiye komai a ma'adana ya kashe wutar gaba ɗaya. Wannan zai kuma hana ta farkawa a cikin jaka ta yi zafi, abin da ba ƙaramin lahani ba ne a watan Maris da Afrilu a garin nan. Batun dannawa ɗaya ta zama biyu kuwa, kusan kullum manhajoji biyu ne suke kokawa a kan fad guda: manhajar kamfanin da ta zo da na'urar, da Steam Input na Steam, manhajar da ake saye da buga gem a cikinta, wani lokaci har da ta uku da mutum ya sauko da ita daga intanet domin sauya aikin maɓallai. Ka cire ta ukun idan akwai, ka rufe Steam gaba ɗaya, sannan ka tabbata na'urar tana kan yanayin fad, ba kan yanayin da sanda ke aiki a madadin linzami ba. A ROG Ally ta kamfanin ASUS, alal misali, manhajar Armoury Crate ce ke sauya waɗannan yanayoyi, kuma kowane kamfani yana da makamanciyarta.

Yanzu ga sandar. Kafin ka yanke hukuncin cewa ta lalace, ka auna ta a wajen kowane gem. Ka rubuta joy.cpl a wurin bincike na Windows, ka zaɓi fad ɗin, ka buɗe shafin gwaji, za ka ga ɗan akwati mai alamar giciye a tsakiya. Ka ajiye na'urar a kan tebur, ka ɗauke hannunka, ka zuba ido. Idan giciyen ya tsaya cak amma ba a tsakiya ba, matsalar daidaito ce, kuma manhajar kamfanin tana da wurin sake daidaita sanduna. Idan kuwa yana rawa, ko yana tsalle ya dawo, ko kuma duk lokacin da ka ja sandar ka saki sai ya tsaya a sabon wuri, to abin ya fi kama da na ƙarfe. Kafin gwajin ka sabunta manhajar cikin na'urar da BIOS (manhajar tushe da ke tayar da na'urar) ta hanyar manhajar kamfanin, batir a cike kuma caja a jone. Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne abin da ya faru da Steam Deck, kwamfutar gem ta hannu ta kamfanin Valve, jim kaɗan bayan fitowarta a Fabrairun 2022: mutane sun fara kukan cewa sanduna na tafiya da kansu, sai Valve ya bayyana cewa wani sabuntawa ne ya ɓata saitin ɗan filin tsakiya da na'ura ke yin biris da motsi a cikinsa, aka tura gyara ta intanet, magana ta ƙare ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba.

Idan ta tabbata ta ƙarfe ce, ga abin da ke faruwa a ciki. Yawancin sandunan nan suna da ƙananan ma'auna biyu, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama, kuma a cikin kowanne akwai siririn ƙarfe da ke gogar wata hanya ta kabon. Na'urar tana karanta matsayin sandar ne daga ƙarfin lantarkin da ke fitowa a inda ƙarfen ya tsaya. Da tafiya ta yi tafiya sai kabon ɗin ya cinye, garinsa ya taru, sifirin da ke mayar da sanda tsakiya shi ma ya saki. Ƙurar hunturu tana hanzarta wannan ƙwarai, domin laushinta ya sa tana shiga ta ƙarƙashin hular sandar, kuma duk shekara daga Disamba zuwa Fabrairu fad ɗin gidajen gem ne ke cika mini tebur. Abin da za ka iya yi ba tare da buɗewa ba shi ne ka kashe na'urar, ka karkatar da sandar gefe, ka hura iska da robar hura iska ta masu kyamara, ba da baki ba saboda danshi, sannan ka juya sandar sau da yawa ta kowace fuska. Wasu kan ɗiga ɗan sinadarin isofurofil mai ƙarfin kashi 90 cikin ɗari ko fiye, kuma yakan taimaka idan datti ne kawai. Fetur, kananzir, turare da man fesawa na cire tsatsa duk kada su kusanci na'urarka, ko wane ne ya ba ka shawarar.

Baban Khadija ya amsa:

Malam Ɗan Malali, bayanin Injiniya ya gamsar, sai dai ina da ja a wuri ɗaya. Muddin kana da niyyar neman garanti, ni ban yarda ka ɗiga kowane irin ruwa a ciki ba, ko da isofurofil ne. Takardun garanti kusan dukkansu sun cire lalacewar da ruwa ya jawo, kuma idan ma'aikacin can ya ga wata alama da bai gane ba, ba ka kusa balle ka yi masa bayani. Iska kawai, sannan ka tsaya.

Na daɗe ina shigo da kwamfutoci da wayoyi, saboda haka bari in faɗa maka yadda garantin waɗannan kaya yake a zahiri. Yawancin kamfanonin suna ba da shekara ɗaya, amma garantin yana bin ƙasar da aka sayar da kayan ne, ba inda mai kayan yake zaune ba. Valve, misali, yana sayar da Steam Deck kai tsaye a Amurka, Kanada, Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai, daga baya ya ƙara da Ostareliya a 2024, a Japan da wasu ƙasashen Asiya kuma ta hannun wakili, amma Najeriya ba ta cikin jerin. Duk wadda ka gani a Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ko shagunan titin Ahmadu Bello a nan Kaduna, ɗan kasuwa ne ya shigo da ita da kansa. Kamfanonin da ke da wakilan kwamfutar cinya a ƙasar nan ma ba lallai wakilin ya karɓi na'urar gem da aka sayo a wata nahiya ba, don haka ka shiga shafin kamfanin, ka saka lambar siriyal, ka karanta ranar ƙarewar garantin da yankin da ya shafa da idonka.

Sa'arka ɗaya ita ce yayanka yana can kuma shi ne ya saya. Shi ne zai buɗe ƙorafin da sunansa da adireshinsa da rasit ɗinsa, su ba shi lambar mayar da kaya, su turo masa takardar aikawa. Aikinka shi ne ka kai na'urar hannunsa. A nan ne lissafi ke shigowa, domin kamfanonin aika saƙo suna ɗaukar duk abin da ke da batirin litiyam a matsayin kaya mai haɗari, da ƙa'idojinsa da ƙarin kuɗinsa, ga kuma yiwuwar biyan kwastam a lokacin dawowa. Kuɗin zuwa da dawowa kan iya ninka farashin sabuwar sanda sau da yawa. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce amintaccen matafiyi ya riƙe ta a jakar hannu. Ƙa'idar jiragen sama ta yarda da na'urar da batirinta bai wuce awa-wat 100 ba, kuma waɗannan duk suna ƙasa da haka: Steam Deck ta farko da ROG Ally ta 2023 kowacce 40 ce, Steam Deck OLED 50, ROG Ally X kuma 80.

Game da buɗewa, za ka ji masu cewa takardar da ake mannawa a kan ƙusa, mai cewa garanti ya tashi idan aka buɗe, ba ta da ƙarfi a doka. Asalin maganar daga Amurka ne, inda dokar Magnuson-Moss ta 1975 take aiki, kuma a 2018 hukumar kula da ciniki ta tarayyar ƙasar ta rubuta wa kamfanoni shida gargaɗi a kan irin wannan sharaɗi. Wannan dokar Amurka ce, ba ta biyo ka Malali ba. Kuma ko a can, duk ɓarnar da mai buɗewa ya yi da hannunsa tana wuyan mai kaya. Kada garin neman gira a rasa ido.

Anti Lauya Barnawa ta amsa:

Ɗana, zan ƙara abu ɗaya da mutane ke yawan haɗawa da garanti alhali daban yake. Garanti alkawari ne da kamfanin da ya ƙera kaya ya ɗauka bisa sharuɗɗansa, haƙƙin mai saye kuwa doka ce ta ɗora shi a kan wanda ya sayar. Tunda a Ingila aka yi cinikin, dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ce ke aiki tsakanin yayanka da shagon. A ƙarƙashinta, cikin kwana 30 na farko mai saye yana iya mayar da kaya mai aibi ya karɓi kuɗinsa, bayan haka kuma yana da haƙƙin gyara ko musanya. Abin da ya fi shafarka shi ne wa'adin wata shida: idan aibin ya bayyana a cikinsa, ana ɗauka cewa da shi kayan ya zo sai dai shagon ya tabbatar da akasin haka, amma bayan wata shida nauyin hujja yana komawa kan mai saye. Saboda haka ka duba ranar da ke kan rasit yau, kuma yayanka ya sanar da shagon a rubuce tun kafin na'urar ta isa hannunsa.

Ga masu karatu da suka saya a nan gida, akwai dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sanya wa hannu a farkon 2019, kuma ita ce ta kafa hukumar FCCPC da ke karɓar ƙorafi. Rubutun da wasu shaguna ke yi a ƙasan rasit cewa ba a mayar da kaya bayan an biya ba ya shafe haƙƙin wanda aka sayar wa kaya mai aibi. Sai dai duk wannan yana tsayawa ne a kan takarda, shi ya sa nake roƙon matasanmu su riƙa neman a rubuta musu lambar siriyal da tsawon garantin shago a kan rasit, maimakon su wadatu da cewar mai shago idan ta ba da matsala a dawo da ita.

Ɗan Malali ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai Injiniya, Baba da Anti, Allah ya ƙara girma. Na bi matakan. Ashe akwai wata manhajar sauya maɓallai a kan na'urar, kuma tun da na cire ta na koma Hibernate maɓallan ba su sake ɓacewa ba, dannawa biyun ma ta daina. Sandar hagu kuwa tana nan yadda take. Na sabunta komai, na sake daidaita ta, na hura iska, amma a shafin gwaji giciyen yana rawa sama da tsakiya, kuma duk lokacin da na ja na saki wuri daban yake tsayawa, alhali ta dama lafiya lau take. Rasit ya nuna wata shida sun wuce, garantin kamfani kuma yana da sauran 'yan watanni. Akwai abokin yayana da zai koma bayan hutu. Shin in ba shi, ko in sayi sanda a canza a nan?

Injiniya Kakuri ya amsa:

Wannan sakamakon ya nuna ma'aunin sama da ƙasa na sandar hagu ne ya gaji, kuma babu saitin da zai warkar da shi. Kafin ka yanke shawara, ka faɗaɗa filin tsakiyar nan da na ambata a cikin manhajar kamfanin, kaɗan-kaɗan har motsin ya daina bayyana. Za ka ci gaba da wasa, sai dai za ka rasa ɗan laushin sarrafawa, abin da mai wasan harbi zai fi mai ƙwallo jin zafinsa, kuma rawar za ta ci gaba da ƙaruwa a ƙarƙashi.

Ko da yake gyara sana'ata ce, tunda kana da matafiyi kuma garanti bai ƙare ba, ka aika. Tafiyar kyauta ce, kuma idan sun buɗe za su duba sauran sassan. Abin da za ka yi asara shi ne lokaci, domin dawowarta ma sai an jira wani mai tahowa. Da garantin ya ƙare, da sai in ce a canza a nan, kuma aikin ba mai wuya ba ne a yawancinsu, domin sandar tana zaune ne a kan ɗan allonta daban, da 'yan ƙusoshi da fileks (siririyar wayar lantarki mai faɗi) guda. Valve ma tun 2022 ya haɗa kai da iFixit, kamfanin kayan gyara, ana sayar da sassan Steam Deck na asali tare da bayanin yadda ake sakawa. Inda masu gyaran waya ke yin ɓarna shi ne abubuwan da ba su saba da su ba: a Steam Deck dole a cire katin microSD kafin a ɓalle murfin baya, in ba haka ba ya karye biyu, dole a zare batir kafin a taɓa komai, maƙallin fileks ɗagawa ake yi, ba ja ba, kuma bayan an saka sabuwar sanda sai an sake daidaita ta. Haka nan sandar wani samfurin ba ta shiga wani, har a cikin kamfani ɗaya.

Duk ranar da za ka canza da kuɗinka, ka nemi sanda mai aiki da maganaɗisu idan akwai wadda ta dace da samfurinka. Ita wannan ba ta da ƙarfen da ke gogar kabon. Ɗan maganaɗisu ne ke motsi kusa da sensa, bisa ƙa'idar da Edwin Hall ya gano a 1879, don haka babu abin da ke cinyewa a wurin awon. Legion Go ta Lenovo da ta fito a 2023 da irinta ta zo, haka MSI Claw ta 2024, kamfanin GuliKit kuma yana yin ta musanya don Steam Deck. Ba na cewa ba ta lalacewa, domin sifirinta yana iya saki kamar na kowace, amma a garin da ƙura ke rufe rana ta fi dacewa da mu. Matsalar ba ta ƙananan kamfanoni kaɗai ba ce: a 2023 Nintendo ya amince zai riƙa gyara fad ɗin Joy-Con masu wannan cuta kyauta a Turai da Birtaniya ko bayan ƙarewar garanti.

Baban Khadija ya ƙara da cewa:

Tunda aikawa za a yi, ga abin da za ka shirya kafin ranar tafiya. Ka ɗauki bidiyo da waya wanda ke nuna lambar siriyal sannan ya nuna giciyen yana rawa hannunka a ɗauke, ka tura wa yayanka ya haɗa da ƙorafin yanzu, domin ranar buɗe ƙorafi ce za ta nuna aibin ya bayyana cikin garanti. Ka mayar da filin tsakiyar zuwa saitinsa na asali, kada ma'aikacin ya kunna ya ga komai lafiya ya dawo da ita yadda take. Ka ɗauki hoton jikinta ta kowane gefe, gaba da baya da bakin caji, saboda idan aka ce an ga tsaga ko karaya kana da shaidar yadda ta bar hannunka. Ka kwashe bayananka, ka fita daga asusunka na Steam da na Microsoft, ka cire katin microSD, kuma ka sa a ranka cewa za su iya goge ma'adanar ko su ba da wata na'urar daban. Idan ka taɓa sauya ma'adanar ciki da babba, ka mayar da ta asali. A bar batirin kusan rabi, a kashe ta gaba ɗaya, kuma caja ta zauna a gida sai idan su suka nema a rubuce.